Yadda Ake Ɗaukaka Ƙara a Kan Hukuncin da Ba a Faɗi Dalilinsa Ba

A manyan kotunan laifuka na Ingila da Wales, ba alƙali ne ke cewa mutum ya aikata laifi ko bai aikata ba. Wannan aikin mutum goma sha biyu ne da ake tsamowa ta hanyar ƙuri'a daga rajistar masu zaɓe: direba, malamar makaranta, mai kanti, ɗan fansho, waɗanda yawancinsu ba su taɓa buɗe littafin doka ba. Su ake kira juri. Suna zaune a gefe guda na kotu tun daga farkon shari'a har ƙarshenta, su saurari shaidu, sannan su shiga ɗaki su kaɗai su tattauna. Idan sun fito, magatakarda ya tambayi shugabansu abin da suka tsayar, shi kuma ya amsa a taƙaice: ya aikata, ko bai aikata ba. Daga nan ba ya ƙara komai. Ba wanda zai tambaye shi wane mashaidi suka gaskata, wane suka ƙaryata, ko mene ne ya rinjaye su.

Mai karatu a Kano ko Sakkwato ya saba da wani tsari dabam. A Babbar Kotun Jiha alƙali ɗaya ne ke sauraron shaidu, shi ke yanke hukunci, kuma wajibi ne ya rubuta dalilansa dalla-dalla. Lauyan da zai ɗaukaka ƙara sai ya ɗauki rubutun nan ya bi shi layi-layi, ya nuna inda alƙali ya kauce. 'Yan'uwanmu na zangunan Ghana sun fi kusa da tsarin Ingila, domin a can juri na mutum bakwai ne ke zama a shari'ar kisan kai. To idan hukunci ya fito babu dalili a tare da shi, me mutum zai ɗauka ya kai kotun sama ya ce an yi masa kuskure?

Amsar tana cikin yadda aka raba aiki a kotun. Tantance abin da ya faru hurumin juri ne, doka kuwa hurumin alƙali ce. Hurumin alƙalin ya ƙunshi manyan ayyuka biyu. Shi ke yanke wace shaida za ta isa kunnen juri, wace za a hana. Sannan idan an gama sauraron kowa, shi ke yi musu jawabin ƙarshe, ya bayyana musu dokar da ta shafi tuhumar, ya tuna musu abin da kowane ɓangare ya kawo. Wannan jawabi za mu kira shi jagorar alƙali. Duka biyun a bainar jama'a ake yin su, kuma ana naɗar kowace kalma. Lamarin kamar injin niƙa ne: ba mai ganin abin da ke gudana a cikinsa, amma ana iya duba hatsin da aka zuba, a duba yadda aka saita injin. Shi ya sa ƙararraki da yawa da ake ɗaukakawa bayan hukuncin juri suke komawa kan ɗayan biyun nan, ko shaidar da aka bari ta shiga ko aka hana, ko jagorar da aka ba su.

Ɗakin juri kansa a kulle yake. Laifi ne a dokar Ingila ɗan juri ya fallasa yadda tattaunawarsu ta gudana, kuma kotun ɗaukaka ƙara ba ta tambaya. An taɓa samun abin da ya yi kama da togiya a 1994, a shari'ar wani Stephen Young da aka kama da laifin kashe wasu ma'aurata. Wasu daga cikin 'yan juri, a otal ɗin da aka kwantar da su, sun ɗauko allon da Turawa ke amfani da shi wai don kiran ruhin matattu, suka tambayi mamacin wa ya kashe shi. Kotu ta iya bincikar maganar ne kawai saboda a otal abin ya faru, ba a ɗakin tattaunawa ba. Ta soke hukuncin, aka sake shari'a, sabon juri ya sake samun Young da laifi.

Damar ɗaukaka ƙara a shari'ar laifi ba tsohuwar aba ba ce a Ingila. Har farkon ƙarni na 20, wanda juri suka kama da laifi ba shi da wata kotu da zai je da ƙafarsa. Akwai wata kotu da aka kafa a 1848 mai duba matsalar doka, amma sai alƙalin da ya yi shari'ar ya ga dama ya tura mata. Abin da ya girgiza wannan tsari shi ne shari'ar Adolf Beck, wani ɗan ƙasar Norway da ke zaune a Landan. A 1896 mata da dama suka nuna shi a matsayin wanda ya damfare su kayan ado. Lauyansa ya nemi ya nuna cewa salon damfarar iri ɗaya ne da na wani mutum da aka ɗaure a 1877, lokacin da Beck ya ce yana Kudancin Amurka, amma alƙali ya hana a kawo maganar. Beck ya sha ɗauri. A 1904 aka sake kama shi da irin laifin, aka sake samunsa da laifi, kafin a cafke ɗan damfarar na gaskiya yana cikin sana'arsa. Kwamitin binciken da aka kafa ya ga cewa hana shaidar nan kuskure ne, kuma babu kotun da za ta gyara shi. Wannan na daga cikin abin da ya haifar da dokar 1907 wadda ta kafa kotun ɗaukaka ƙarar laifuka. Dokar da ake aiki da ita yau ta 1968 ce, da gyare-gyaren da aka yi mata a 1995.

Mu fara da shaida. Mai hankali zai iya cewa, me ya sa za a ɓoye wa juri wani abu? A ba su komai mana, su auna da kansu. Dalilin shi ne, akwai shaidar da tasirinta a zuciya ya fi ƙarfin hujjarta. Idan aka gaya wa mutum goma sha biyu cewa wanda ke gabansu ya taɓa zaman gidan yari, ko ya amsa laifi a ofishin 'yan sanda, da wuya su iya goge maganar daga ƙwaƙwalwarsu, ko da daga baya aka nuna musu ba ta da tushe. Saboda haka idan aka sami gardama kan wata shaida, sai a fitar da juri daga kotu, lauyoyi su fafata a gaban alƙali shi kaɗai, wani lokaci har a kira shaidu. Lauyoyin Najeriya sun san wannan, shi ne suke kira shari'a cikin shari'a, kuma daga tsarin juri suka gaje shi.

Ikirari, wato amsa laifi, shi ne inda gardamar ta fi zafi. A 1972 aka kashe wani Maxwell Confait a kudu maso gabashin Landan, samari uku suka amsa laifuka game da lamarin a hannun 'yan sanda, aka ɗaure su. A 1975 aka soke hukuncin, bayan shaidar likitoci kan lokacin mutuwar ta nuna ikirarin ba zai zama gaskiya ba. Binciken da ya biyo baya ne ya kai ga dokar 'yan sanda da shaidar laifuka ta 1984, wadda lauyoyi ke taƙaita sunanta da PACE. Sashe na 76 ya ce idan wanda ake tuhuma ya yi ƙorafin cewa an tatsi ikirari daga bakinsa ta hanyar gallazawa, ko ta wani abu da aka faɗa ko aka yi wanda zai sa ba za a dogara da ikirarin ba, to kotu ba za ta karɓe shi ba sai masu gabatar da ƙara sun tabbatar, tabbacin da ya kore shakka, cewa ba haka aka samo shi ba. Sashen ya ƙara da cewa ko da ikirarin gaskiya ne, wannan ƙa'ida tana nan. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya bi sawun wannan sashe kusan kalma da kalma.

Wata shari'a daga Cardiff ta nuna yadda kotun sama ke amfani da sashe na 76. A Fabrairun 1988 aka kashe wata budurwa, Lynette White, kuma a 1990 juri suka kama mutum uku da laifin: Stephen Miller, Tony Paris da Yusef Abdullahi. Ginshiƙin tuhumar ikirarin Miller ne. An yi masa tambayoyi na kimanin awa 13 cikin kwana biyar, ya musanta fiye da sau 300 kafin ya sallama. Alƙalin shari'ar ya karɓi ikirarin. A Disambar 1992 alƙalan ɗaukaka ƙara, ƙarƙashin Lord Taylor, suka saurari kaset ɗin da kunnensu, suka ji yadda 'yan sanda ke daka masa tsawa suna cusa masa abin da suke so ya faɗa. Suka yanke cewa wannan gallazawa ce, bai kamata juri su ji ikirarin ba. Abin lura a nan shi ne sun soke hukuncin sauran biyun ma. A doka, ikirarin Miller ba hujja ba ce a kan abokan tuhumarsa, amma kotu ta ga akwai haɗarin cewa ya yi tasiri a zukatan juri game da su. A 2003 gwajin ƙwayoyin halitta ya kai ga wani mutum dabam, Jeffrey Gafoor, wanda ya amsa cewa shi kaɗai ya yi kisan.

Sashe na 78 na dokar PACE ya fi faɗi. Ya ba alƙali ikon hana kowace shaidar masu gabatar da ƙara idan karɓarta za ta gurɓata adalcin shari'ar. Sai dai iko ne na ganin dacewa, kuma wannan yana da tasiri babba a wajen ɗaukaka ƙara. Alƙalan sama ba sa tambayar kansu ko su da sun yanke dabam. Suna duba ko alƙalin ya yi la'akari da abin da ya kamata, ko kuma ya yanke abin da babu alƙali mai hankali da zai yanke. Ingila ba ta da ƙa'idar cewa duk shaidar da 'yan sanda suka samo ta haramtacciyar hanya ta faɗi kai tsaye. Amurka ta fi tsanani a nan, musamman tun hukuncin Kotun Ƙolinta na 1961 a shari'ar Mapp da Jihar Ohio.

Sai maganar munin hali, wato laifuka ko zarge-zargen baya. Dokar Ingila ta 2003 ta tsara hanyoyi bakwai da irin wannan shaida za ta iya shiga, alal misali idan ta nuna mutum yana da ɗabi'ar aikata irin laifin da ake tuhumarsa. Misali mafi shahara a 'yan shekarun nan daga New York ya fito. A Afrilun 2024 babbar kotun jihar, da rinjayen alƙalai huɗu a kan uku, ta soke hukuncin da aka yi wa mai shirya fina-finai Harvey Weinstein a 2020, saboda alƙali ya bar wasu mata sun ba da shaida kan zarge-zargen da ba sa cikin tuhumar. Kotun ba ta wanke shi ba. Ta ce a sake shari'a ne.

Jagorar alƙali ta fi shaida wuyar sha'ani, domin kuskure a cikinta yana iya zama jimla ɗaya tak cikin jawabin awa biyu. Tushen komai shi ne wa ke ɗauke da nauyin hujja. A Disambar 1934 wani matashin ma'aikacin gona, Reginald Woolmington, ya harbe matarsa Violet wadda ta yi yaji ta koma gidan mahaifiyarta. Ya ce ya je da bindigar ne don ya tsorata ta cewa zai kashe kansa, sai ta tashi bisa tsautsayi. Alƙali ya gaya wa juri cewa da zarar an tabbatar shi ya yi harbin, shi ne zai gamsar da su cewa tsautsayi ne. Aka yanke masa hukuncin rataya. A 1935 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙarshe, ta soke hukuncin. Lord Sankey ya ce masu gabatar da ƙara ne za su tabbatar da laifi, ba wanda ake tuhuma ne zai tabbatar da tsarkinsa ba, ban da maganar taɓin hankali da abin da doka ta keɓe. Wanda ya karanta fikihu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ya san hujja tana wuyan mai da'awa. Yau alƙalin Ingila yana gaya wa juri cewa kada su kama mutum da laifi sai sun sakankance.

A kan wannan tushe aka gina wasu gargaɗi na musamman, kowanne da tarihin kuskuren da ya haife shi. Idan tuhuma ta dogara ga mashaidin da ya ce ya ga fuskar mai laifi, dole alƙali ya gargaɗi juri cewa mai gaskiya ma yana iya yin kuskuren gani, ya ja hankalinsu ga nisa, haske, da tsawon lokacin da aka ga mutumin. Wannan ya samo asali daga shari'ar Turnbull ta 1976. Idan an kama wanda ake tuhuma da ƙarya, dole a tuna wa juri cewa mutum na iya yin ƙarya don tsoro, ko kunya, ko rufa wa wani asiri, ba lallai don ya yi laifin ba. Akwai kuma jagora kan shirun mutum a gaban 'yan sanda, tun dokar 1994 da ta ba juri damar ɗaukar ma'ana daga shirun a wasu yanayi. A yau alƙalai kan tattauna daftarin jagorar da lauyoyin ɓangarori biyu kafin su karanta ta, kuma sau da yawa su ba juri takarda mai jerin tambayoyi da za su bi ɗaya bayan ɗaya har su kai ga hukunci.

Babu shari'ar da ta nuna nauyin wannan jawabi kamar ta Derek Bentley. Daren 2 ga Nuwamba 1952, Bentley mai shekara 19 da abokinsa Christopher Craig mai shekara 16 suka hau rufin wani ɗakin ajiyar kaya a Croydon da niyyar sata. Craig na ɗauke da bindiga. 'Yan sanda suka zo, ɗaya ya kama Bentley. 'Yan sanda uku sun shaida cewa Bentley ya ɗaga murya ya faɗa wa Craig wata gajeriyar magana, wadda masu gabatar da ƙara suka ce umarnin harbi ce. Bentley da Craig duk sun ce ba a faɗi maganar ba sam. Craig ya raunata ɗan sandan da ya kama Bentley, kuma bayan wasu mintuna, alhali Bentley na hannun hukuma, ya harbe wani ɗan sanda mai suna Sidney Miles har lahira. Bentley bai iya karatu ba, yana da farfaɗiya, kuma gwaje-gwaje sun nuna tunaninsa na yaro ne.

Babban Alƙalin Ingila, Lord Goddard, shi ya yi shari'ar a kotun Old Bailey a Disambar 1952. Juri suka kama su biyun da laifin kisan kai, suka roƙa a yi wa Bentley sassauci. Craig bai kai shekarun rataya ba, sai aka tsare shi, ya fito bayan shekara goma. Bentley ya ɗaukaka ƙara, aka kore ta a Janairun 1953. Ministan cikin gida ya ƙi yi masa afuwa, aka rataye shi a gidan yarin Wandsworth ranar 28 ga Janairu 1953. 'Yar'uwarsa Iris ta shafe sauran rayuwarta tana neman a wanke shi, ta rasu a 1997, shekara guda kafin a sake duba shari'ar.

Ranar 30 ga Yuli 1998 kotun ɗaukaka ƙara, ƙarƙashin Lord Bingham, ta soke hukuncin. Abin da ta dogara da shi shi ne jawabin Lord Goddard, wanda ke nan a rubuce tun 1952. Bai bayyana wa juri a fili irin tabbacin da ake bukata kafin su kama mutum da laifi ba. Ya yi magana ta yadda za su iya ɗauka cewa waɗanda ake tuhuma ne za su wanke kansu. Ya yabi jarumtar 'yan sanda har ya zama kamar duk wanda ya yi shakkar shaidarsu ya kira jarumai maƙaryata, alhali gaskiyar shaidar tasu ita ce ainihin abin da juri za su auna. Kariyar Bentley kuwa ya wuce ta cikin 'yan jimloli. Kuma bai ja hankalin juri yadda ya kamata ga tambayar da ta fi kowace muhimmanci ba: shin haɗin bakin da ke tsakanin samarin biyu bai yanke ba tun lokacin da Bentley ya shiga hannu? An kuma kawo wa kotun sabuwar shaida, ciki har da nazarin masanin harshe Malcolm Coulthard, wanda ya nuna cewa bayanin da 'yan sanda suka ce Bentley ya shifta musu da bakinsa yana ɗauke da salon rubutun 'yan sanda. Wannan ya ƙarfafa matsayin kotun, amma jagorar alƙali ce ta rushe hukuncin.

Akwai wani abu da Lord Bingham ya faɗa wanda ya kamata a riƙe. Ya ce bisa shaidar da aka gabatar a 1952, juri da aka yi wa jagora daidai suna da damar kama Bentley da laifi. Wato kotun ba ta ce ta gano gaskiyar abin da ya faru a kan rufin nan ba. Abin da ta ce shi ne ba a yi wa Bentley shari'ar adalci ba, don haka hukuncin ba zai tsaya ba.

Nan muka iso ga ma'aunin da komai ke rataye a kansa. Tun gyaran 1995, tambaya ɗaya ce a gaban kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila: shin hukuncin abin aminta ne, ko ba abin aminta ba ne? Nuna kuskure kaɗai bai isa ba. Lauya na iya gamsar da alƙalai uku cewa an shigar da shaidar da ba ta halatta ba, ko an manta da gargaɗin Turnbull, su yarda da shi, sannan su kori ƙarar, idan suka ga sauran hujjoji sun yi ƙarfin da ko babu kuskuren juri za su kai ga hukunci ɗaya. Haka kuma idan lauyan da ya kare mutum a shari'ar farko ya ga daftarin jagorar bai ce uffan ba, alƙalan sama kan ɗauki shirunsa a matsayin alamar cewa kuskuren bai yi nauyi ba a lokacin, ko da yake wannan ba ya rufe ƙofa gaba ɗaya. Amurka na da irin wannan ƙa'ida ta kuskure maras illa, amma Kotun Ƙolinta ta ce a 1993 idan aka ɓata jagora kan ma'anar shakka mai tushe, babu batun rashin illa, hukuncin ya rushe. Dokar Shaida ta Najeriya ma, a sashe na 251, ta ce karɓar shaida bisa kuskure ba ya soke hukunci idan bai shafi sakamakon ba.

Hikimar ƙa'idar a fili take. Babu shari'ar makonni da za a gama ba tare da tuntuɓe ba, kuma sake shari'a na nufin sake jawo wadda aka yi wa fyaɗe ko iyalan mamaci su maimaita baƙin cikinsu, bayan shaidu sun fara mantuwa. Amma rauninta ma a fili yake. Alƙalai uku da ba su ga fuskar mashaidi ko ɗaya ba suna ƙiyasta abin da ya rinjayi mutum goma sha biyu waɗanda doka ta hana a tambaye su. A ganina, duk lokacin da kuskuren ya taɓa ainihin abin da ake jayayya a kansa, kamar gaskiyar mashaidi ko niyyar wanda ake tuhuma, ya kamata wannan ƙiyasi ya karkata ga soke hukunci da sake shari'a.

Hanyar kanta ba ta da tsawo a takarda. Wanda aka kama da laifi yana da kwana 28 ya shigar da takardar neman izinin ɗaukaka ƙara, tare da dalilan da lauyansa ya tsara. Alƙali ɗaya ya karanta takardun a ofishinsa, ya ba da izini ko ya hana. Idan ya hana, ana iya sabunta roƙon a gaban cikakkiyar kotu, amma da haɗari, domin idan ta ga roƙon ba shi da tushe tana iya cewa wani ɓangare na kwanakin da mutum ya riga ya yi a tsare ba za a lissafa su cikin ɗaurinsa ba. A zaman sauraro, galibi alƙalai uku ne, ba juri, kuma yawanci ba a kiran shaidu. Kotu na iya korar ƙarar, ko ta soke hukuncin, ko ta sauya shi da ƙaramin laifi, ko ta ba da umarnin sake shari'a. Zuwa Kotun Ƙoli sai an tabbatar akwai matsalar doka da ta shafi jama'a baki ɗaya. Wanda duk ƙofofin nan suka rufe masa, saura Hukumar Bitar Shari'un Laifuka da ke Birmingham, wadda ta fara aiki a 1997 bayan abin kunyar mutum shida da aka ɗaure kan harin bam na Birmingham aka sake su a 1991. Ita ce ta mayar da shari'ar Bentley kotu.

Akwai yanayi ɗaya da ya rage, kuma ya tayar da ƙura sosai a Ingila. Me zai faru idan alƙali ya karanta wa juri doka daidai yadda take a lokacin, daga baya Kotun Ƙoli ta ce dokar kanta kuskure ce? A 2011 a Leicester, wani Mohammed Hirsi ya daɓa wa Paul Fyfe wuƙa ya kashe shi, abokinsa Ameen Jogee yana waje yana zuga shi. An gaya wa juri cewa Jogee ma mai kisan kai ne idan ya shiga rikicin yana hango cewa Hirsi zai iya yin sukan da niyyar mummunan rauni. Haka kotuna ke faɗa tun 1984. A Fabrairun 2016 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce an shafe shekara talatin ana bin hanyar da ba daidai ba. Hango abu ba ɗaya yake da nufinsa ba, hangen dai hujja ce da juri za su iya aunawa wajen gano niyya. Aka sake wa Jogee shari'a, aka same shi da kisan da ba na ganganci ba, aka ɗaure shi shekara 12.

Waɗanda aka ɗaure a shekarun baya bisa tsohuwar jagorar suka ɗauka ƙofa ta buɗe. Amma kwana 28 nasu ya daɗe da wucewa, kuma kotu ta ce wanda ya zo a makare saboda doka ta sauya sai ya nuna cewa hana shi izini zai zama babban zalunci. A aikace, shi ne zai gamsar da kotu cewa da an yi jagorar daidai, da wuya juri su kama shi da kisan kai. A rukunin farko da kotun ɗaukaka ƙara ta saurara a Oktoban 2016 babu wanda ya yi nasara. Daga cikin 'yan kaɗan da suka tsallake akwai John Crilly, wanda aka soke hukuncinsa na kisan kai a 2018, ya amsa kisan da ba na ganganci ba. Kotuna suna kare wannan tsanani da cewa dole shari'a ta kai inda za ta ƙare, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai mutum biyu da aka yi wa jagora iri ɗaya, mai kuskure iri ɗaya, ɗaya ana tambayar ko hukuncinsa abin aminta ne, ɗayan ana ɗora masa nauyin nuna abin da juri za su yi, ba don komai ba sai ranar da aka yi shari'arsa. Ga wanda ke zaman ɗaurin rai da rai, ban ga yadda kwanan wata zai isa ya zama dalilin wannan bambanci ba. A 2022 hukumar gyaran dokokin Ingila da Wales ta fara nazarin tsarin ɗaukaka ƙarar laifuka gaba ɗayansa, kuma wannan sharaɗi na cikin abubuwan da ta sa a gaba.